Wata shida dare wata shida rana? Kurakuran da muke yi a kan ƙasashen can ƙuryar arewa

Duk shekara da azumi ya kama sai maganar nan ta dawo a majalisarmu, an sha ruwa ana jiran isha'i wani zai ce ai mu sai godiyar Allah, akwai ƙasar da ake wata shida rana ba ta faɗi ba, wata shida kuma ba ta fito ba, ko yaya suke yi da azumi. Wannan ya ce Nowe ce, wancan ya ce a'a Aislan ce, wani ma ya ce Kanada ce gaba ɗayanta, kuma kowa da ƙarfinsa yake faɗa. Ni dai abin yana damuna sosai, saboda yara na zaune a gefe suna ji kuma gobe su za su maimaita wa wasu, wani ma a takardar jarabawa zai rubuta. Da na zauna na duba sai na ga yawancin kurakuran nan daga wuri ɗaya suka fito, taswirar bango shimfiɗaɗɗiya da muka taso da ita a aji, alhali duniyar dunƙulalliya ce kuma a karkace take.

Maganar wata shida-shida akwai gaskiya a cikinta, amma fa a wuri biyu tak take aiki, daidai kan ƙuryar arewa ta duniya wato digiri 90, sai takwararta ta kudu. A ta arewa rana takan fito wajen 20 ga Maris ta yi ta zagaye gefen sama ba ta faɗuwa har wajen 23 ga Satumba, daga nan sai wata shekarar. Kuma babu gari a wurin, babu ƙauye, ko bukka babu. Don haka babu wata ƙasa guda da za ka nuna ka ce mutanenta na wata shida a duhu. Yadda abin yake shi ne, akwai wani layi da ake zanawa a digiri 66 da rabi arewa da ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu arewa da kudu, shi ake kira da'irar Aktik. A kan layin nan kwana ɗaya ne a shekara rana ba ta faɗuwa, kwana ɗaya kuma ba ta fitowa. Duk yadda ka ƙara nausawa arewa sai kwanakin su ƙaru. Garin Tromso na Nowe yana wajen digiri 70, rana ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Mayu zuwa ƙarshe-ƙarshen Yuli, wata biyu ke nan, sannan ba ta fitowa daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. Utqiagvik a Alaska, wanda da ake ce wa Barrow, yana yin kwana sittin da 'yan kai babu fitowar rana. Longyearbyen a tsibiran Svalbard, digiri 78, yana yin kusan wata huɗu. Amma Oslo babban birnin Nowe ɗin, kullum ta Allah rana na fitowa tana faɗuwa, sai dai yinin kan kai kusan awa 19 a Yuni ya koma awa 6 a Disamba. Reykjavik na Aislan ma haka, awa 21 a Yuni, awa 4 a Disamba. Mu a Kano tsawon yini tsakanin awa 11 da rabi ne zuwa kusan 13, shi ya sa abin yake mana wuyar shiga kai. To gyaran mai sauƙi ne, in wani ya ce maka ƙasa kaza rana ba ta faɗuwa, ka tambaye shi wane gari, kuma a wane wata.

Kuma don Allah ku gwada wannan a gida da yara, ba ya cin ko sisi. A samo lemo guda, a soke shi da tsinken tsire daga sama har ya ɓullo ƙasa, a kashe fitila a kunna tocila a ajiye a tsakiyar ɗaki. Tocilar ce rana, lemon duniya, inda tsinken ya fito ta sama shi ne ƙuryar arewa. Yanzu a ɗan karkatar da tsinken, kamar digiri 23 da rabi, kan nasa ya leƙa wajen tocila, sai a murza lemon a hankali. Za ku ga kewayen saman lemon bai taɓa shiga inuwa ba duk juyin da aka yi. Wannan ita ce Yuni. A ɗauki lemon a koma ɗaya gefen tocilar ba tare da an canza inda tsinken ke nunawa ba, yanzu kansa ya juya wa hasken baya, a murza, saman nan ba zai ga haske ba sam. Disamba ke nan. Wallahi yaro ɗan firamare in ya ga wannan da idonsa ya gama fahimta, abin da za a yi sati ana bayani a allo.

Wannan gwajin shi ke gyara wani kuskuren da har masu ilimi ke yi, wai sanyi na zuwa ne saboda duniya ta yi nisa da rana. Ba haka ba ne. A farkon Janairu, lokacin da Saiberiya ke daskarewa mu ma muna fama da hunturu, a lokacin ne duniya ta fi kusa da rana, kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma ta fi nisa, miliyan 152. Karkatar ce ke kawo yanayi, shi ya sa in ana sanyi a Rasha ana zafi a Afirka ta Kudu.

Wani abin kuma, da an ce rana ba ta fitowa sai mu zaci duhu ne dunɗum kamar tsakar dare ba farin wata. A Tromso ko a tsakiyar Disamba, da tsaka-yini akwai 'yan awoyi na haske irin na bayan asuba kafin hudowar rana, mutum na gani sarai, yara na zuwa makaranta, kasuwa na ci. Sai an matsa can irin su Svalbard ne ake samun makonni na duhun gaske dare da rana.

To azumin fa? Ai akwai Musulmi a can kuma suna yi. Akwai masallaci a Tromso, akwai na Nurd Kamal a Norilsk ta Rasha da aka buɗe a 1998, akwai kuma ɗan ƙaramin masallacin Inuvik a arewacin Kanada wanda aka gina shi a Winnipeg aka ɗauko shi sukutum a mota da jirgin ruwa tafiyar dubban kilomita a 2010. Malamai sun daɗe da magana a kai, suna kafa hujja da hadisin Nawwas bin Sam'an da ke cikin Sahihu Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya ba da labarin ranar Dujal mai tsawon shekara, sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya za ta wadatar, ya ce a'a, a ƙaddara mata lokutanta. Saboda haka inda babu faɗuwar rana ko fitowarta, wasu malaman suka ce a bi lokacin gari mafi kusa da ake samun dare da rana, wasu suka ce a bi lokacin Makka. Musulmin Tromso na Makka suke bi a irin waɗannan watannin, kamar a 2015 da azumi ya faɗo daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Yuli, suna buɗa baki rana na sama. Babu wanda ke kame baki wata biyu, kuma babu wanda aka ɗauke wa azumi don yana zaune a can. Waɗanda ma suka fi shan wuya su ne na garuruwan da ke ƙasa da layin kaɗan, inda ranar kan faɗi amma sai bayan awa 20 ko fi.

Yanzu mu zo kan taswira, nan ne abin ya fi ci mini rai. Ka tuna taswirar duniya ta bangon aji, can sama akwai wani ƙaton farin tsibiri, Girinlan, in ka auna da ido kusan girmansa ɗaya da Afirka. Da yawanmu da haka muka girma a kai. Gaskiyar magana Girinlan murabba'in kilomita miliyan 2.17 ce, Afirka kuwa miliyan 30.3, wato Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Aljeriya kaɗai ta fi ta girma. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta fi ta. Kusan kai ɗaya suke da Saudiyya. In ma kana son misali na gida, haɗa Najeriya da Nijar wuri ɗaya, sun ɗan ɗara Girinlan. Rasha da take cinye rabin saman taswira miliyan 17 ce, Kanada kusan miliyan 10, ka haɗa su biyun har yanzu ba su kai Afirka ba.

Dalilin kuwa koma kan lemon nan. Ɓare shi ka yi ƙoƙarin shimfiɗa ɓawon a kan faranti, dole ya yage ko ka ja shi. Mai zana taswira ma haka yake fama. Wadda muka saba gani wani masani ɗan yankin Beljiyam ta yau, Gerardus Mercator, ya fito da ita a 1569, kuma don matuƙan jirgin ruwa ya yi ta, yadda in suka ja miƙaƙƙen layi za su bi kamfas su isa. Don haka ta yiwu sai da ya ja ƙasashen da ke nesa da ikwaita ya buɗa su, duk yadda aka matsa arewa ko kudu jan na ƙaruwa, a digiri 60 girman ƙasa kan ninka sau huɗu a ido, a wajen Girinlan ya wuce sau goma. Mu da ke kusa da ikwaita aka bar mu a girmanmu na gaskiya, sai muka zama ƙanana a gefensu. Ni ban ɗora wa mutumin laifi ba, aikin teku ya yi kuma ya yi kyau, matsalar ita ce rataya ta a aji a koya wa yara girman ƙasashe da ita. In makarantarku tana da dunƙulalliyar taswira irin mai juyawa a kan ƙafa, a fito da ita daga ofishin hedimasta a kai aji. In babu, Google Earth a waya na nuna duniyar a dunƙule, juya ta da yatsa ka kwatanta da kanka. Akwai kuma taswirar Equal Earth da aka fitar a 2018 wadda ke ba kowace ƙasa girmanta daidai.

Sunayen ma suna ruɗa mutane. Girinlan ma'anarta koriyar ƙasa, amma wajen kashi 80 cikin ɗari nata ƙanƙara ce ta lulluɓe, a tsakiya kaurinta ya kai kilomita 3. Aislan ma'anarta ƙasar ƙanƙara, amma ƙanƙarar dindindin wajen kashi ɗaya cikin goma kawai ta rufe, suna kiwon tumaki, suna ɗumama gidajensu da ruwan zafi da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, kuma kusan dukkanta tana kudu da da'irar Aktik, ɗan tsibirin Grimsey ne kawai layin ya ratsa. Wani Bature ɗan asalin Nowe, Erik Ja, shi ya raɗa wa Girinlan sunan wajen shekara ta 985 don ya jawo mutane su biyo shi su zauna. Sannan da shugaban Amurka Donald Trump ya tayar da maganar mallakar Girinlan a 2019 ya sake a 2025, na ji mutane na cewa ƙasa ce mai cin gashin kanta kamar Aislan, wasu na cewa kango ce ba kowa. Duka biyun kuskure ne. Aislan ta zama jamhuriya tun 1944. Girinlan tana ƙarƙashin masarautar Denmak amma da gwamnatinta da majalisarta a Nuuk, ta samu mulkin cikin gida a 1979 aka faɗaɗa shi a 2009, tsaro da harkokin waje ne ke hannun Denmak. Mutanenta wajen dubu 57 ne, yawancinsu 'yan ƙabilar Inuit, kuma ƙasarsu ce suna da bakin magana a kanta.

Wani babban kuskuren shi ne haɗa arewa da kudu a kwano ɗaya. A ƙuryar kudu akwai ƙasa, nahiya ce guda, Antatika, ƙanƙara ta hau kanta. A ƙuryar arewa babu ƙasa ko taki ɗaya, teku ne mai zurfin sama da mita 4,000, ƙanƙara mai kaurin 'yan mitoci ke yawo a samansa, in ka kafa tuta yau gobe ta gusa. Shi ya sa jirgin ruwan Rasha mai fasa ƙanƙara, Arktika, ya iya kaiwa har wurin a 1977, a 2007 kuma Rashawan suka sauka da ƙananan jiragen ƙarƙashin ruwa suka dasa tutar ƙarfe a ƙasan tekun. Dabbobin ma daban suke, farin beyar, ƙaton naman daji mai farauta a kan ƙanƙara, a arewa kaɗai yake, tsuntsun fengwin mai tafiya a tsaye kuma na kudu ne, duk zanen da ka gani an haɗa su wuri ɗaya ƙirƙira ce. Wannan bambancin na da amfani in ana maganar ɗumamar yanayi. Ƙanƙarar da ke yawo a kan teku in ta narke kusan ba ta ƙara tsayin ruwa, saka ƙanƙara a kofin zobo ka sa alama ka jira ta narke ka gani. Wadda ke kan tudu ita ce abin tsoro, ta Girinlan kaɗai in ta narke duka teku zai tashi wajen mita 7, kuma Legas da Fatakwal da Kwatano duk a bakin ruwa suke. Amma kar a ce narkewar ta teku ba komai ba ce, farar ƙanƙara na mayar da hasken rana sama, in ta tafi baƙin ruwa ya shanye zafin, shi ya sa yankin ke ɗumama fiye da sauran duniya ninki uku ko fi.

Haka kuma ba ƙuryar arewa ce ta fi ko'ina sanyi ba, saboda ruwan da ke ƙarƙashin ƙanƙarar na rage mata. Sanyin da ya fi kowane da aka auna a doron ƙasa a Antatika ne, tashar Vostok, digiri 89.2 ƙasa da sifili a Yulin 1983. A garuruwan da mutane ke zaune kuwa sai Saiberiya, Verkhoyansk ta ga 67.8 ƙasa da sifili a 1892, Oymyakon ta ga 67.7 a 1933, kuma Oymyakon ɗin ma ba ta kai da'irar Aktik ba, a cikin kwari take nesa da teku. Ka tuna firiza mai daskarar da nama digiri 18 ne ƙasa da sifili. Abin da zai ba ka mamaki, wannan Verkhoyansk ɗin dai ta yi zafin digiri 38 ranar 20 ga Yunin 2020, zafin da ko a Sakkwato aka yi shi za a nemi inuwa. Don haka cewa can kullum ƙanƙara ce ba daidai ba ne, suna da lokacin zafi, ciyawa na fitowa, sauro ma har ya fi namu yawa a wasu wuraren. Kuma nisan gari a arewa ba shi kaɗai ke yanke sanyinsa ba. Landan ta fi Toronto nisa a arewa sosai amma Toronto ta fi ta sanyi. Murmansk ta Rasha, birni mafi girma a cikin da'irar Aktik, tashar jirgin ruwanta ba ta daskarewa duk shekara, saboda wani kwararon ruwan ɗumi da ke tasowa tun daga wajen tekun Meziko ya ratsa Atlantika ya bi gaɓar Nowe.

Shimfiɗaɗɗiyar taswira ta kuma sa muna ganin Amurka a can ƙarshen hagu Rasha a can ƙarshen dama kamar ba abin da ya haɗa su. Maƙwabta ne na kusa. Mashigin Bering da ya raba Alaska da Saiberiya kilomita 80 da 'yan kai ne, bai kai Kano zuwa Zariya ba, a tsakiyarsa kuma akwai tsibirai biyu na Diomede, babban na Rasha ƙaramin na Amurka, tsakaninsu wajen kilomita 4, kuma layin canjin kwanan wata ya bi ta tsakiyarsu, in yau Juma'a ce a ɗaya to ɗayan yana Alhamis. Alaska ɗin ma ta Rasha ce da, Amurka ta saye ta a 1867 a kan dala miliyan 7.2, ta zama jiha a 1959. Ba tsibiri ba ce kusa da Hawai kamar yadda ake sa ta a ɗan akwati a ƙasan taswirar Amurka, manne take da Kanada, kuma babban birninta Juneau ne ba Anchorage ba.

Wannan shi ke bayyana abin da ke ɗaure wa matafiya kai, jirgin da ya tashi daga Dubai zuwa San Francisco sai a ga a allon kujera ya nufi arewa ya bi ta saman Rasha ya gifta kusa da ƙuryar duniya, har mutum ya zaci kewaye ake da shi. Ɗauki zare ka ɗora a kan dunƙulalliyar taswira daga wannan gari zuwa wancan ka ja ya miƙe, za ka ga ta saman nan ce gajeriyar hanya. Alƙibla ma da wannan lissafin ake fitar da ita. Mu nan mun saba alƙibla gabas ce da ɗan karkata arewa, to ɗan'uwanmu da ya sauka a New York in ya duba taswirar bango zai ce kudu maso gabas zai fuskanta tunda Makka na ƙasa da shi, alhali arewa maso gabas ce. A Anchorage kuwa kusan arewa tsaf ake kallo. A ƙara da cewa allurar kamfas ba ƙuryar arewa ta gaskiya take nunawa ba, tana bin arewar maganaɗisu ne, wadda James Clark Ross ya gano a arewacin Kanada a 1831, kuma tun daga lokacin tafiya take, yanzu ta doshi Saiberiya. A Najeriya da Nijar bambancin kaɗan ne ba ya damun kowa, amma a can sama yana da yawa, wanda ya je sai ya bi mihrabin masallacin garin ko manhajar da ke gyara lissafin.

Sai batun mutanen wurin, wanda nake ganin rashin adalci ne yadda muke faɗa. Ana cewa ai ba kowa sai wasu 'yan tsiraru masu kwana a ɗakin ƙanƙara. Wajen mutum miliyan 4 ke zaune a yankin Aktik a ƙasashe takwas, Rasha, Kanada, Amurka, Nowe, Suwidin, Finlan, Aislan da Denmak ta hanyar Girinlan, akwai jami'o'i da filayen jirgi da ma'adinai da rijiyoyin gas. Ɗakin ƙanƙarar nan galibi masaukin mafarauta ne a kan hanya, a da ne wasu a arewacin Kanada ke zama cikinsa lokacin sanyi, yau a gidajen katako masu lantarki suke. Sunan Eskimo da muka koya a makaranta ma da yawansu a Kanada da Girinlan ba sa son sa, Inuit suke kiran kansu, kuma ya kamata a kira mutum da sunan da yake so. Tun 1999 suna da yankinsu a Kanada, Nunavut. Kuma ba su kaɗai ba ne, akwai Sami a arewacin Nowe da Suwidin da Finlan da Rasha, akwai Nenets a yankin Yamal na Saiberiya, makiyaya ne na wata irin barewa mai ƙaho reshe-reshe, suna tashi da iyali da tantin fata su bi garke ɗaruruwan kilomita, arewa da zafi kudu da sanyi. Duk wanda ya san rayuwar Fulani zai gane su nan take, har damuwarsu iri ɗaya ce, bututun gas da layin dogo da ke ratsa musu burtali.

Akwai wani kuskuren da zai iya cin kuɗin mutum, shi ya sa nake roƙon matasa su karanta nan da kyau. Bidiyoyi na yawo wai akwai wuri a Turai da ake shiga ba biza, Svalbard. Eh, bisa yarjejeniyar 1920 tsibiran na ƙarƙashin Nowe kuma ba a neman biza ko takardar zama a can. Amma jiragen fasinja ta Oslo ko Tromso suke bi, mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar sai da bizar Shengen, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da Nowe ke ciki, zai ratsa, kuma mai shiga biyu don dawowa. Garin Longyearbyen mutum wajen 2,500 ne, yawancin gidajen na ma'aikatu ne suna ba ma'aikatansu, babu tallafin gwamnati ga wanda ba shi da aiki, in ba ka iya riƙe kanka gwamnan tsibiran na da ikon fitar da kai, kuma zaman da ka yi a can ba ya ba ka izinin zama a Nowe. Asibitin ƙarami ne har mata masu ciki sai sun tafi babban yankin Nowe kafin haihuwa, fita bayan gari kuma sai da abin kare kai saboda farin beyar. Duk ejan ɗin da ya ce ka kawo kuɗi zai kai ka Turai ta Svalbard, riƙe kuɗinka.

Amma fa akwai abinmu a tsibirin. A cikin wani dutse kusa da garin aka gina rumbun ajiyar irin shuka na duniya, aka buɗe shi a Fabrairun 2008, ana ajiye iri a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili don ko yaƙi ko fari ya hallaka na wata ƙasa a samu na maya. Cikin akwatunan farko da suka isa har da na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, da irin wake da masara da waken suya da gurjiya. Kuma an taɓa amfana da shi, a 2015 cibiyar binciken noma da yaƙi ya kora daga Halab ta Siriya ta karɓo nata ta sake shukawa a Labanan da Maroko. Masu cewa ba ruwanmu da can, su je dausayin Haɗeja da Nguru ko bakin tafkin Chadi da kaka zuwa hunturu, cikin tsuntsayen ruwan da ke sauka garke-garke akwai waɗanda a arewacin Turai da Saiberiya aka ƙyanƙyashe su, sanyi ya koro su, in Maris ta yi su koma.

In kana son ka san inda kake tsaye a jikin lemon nan ba tare da waya ba, fita da dare lokacin da sama ta washe, an fi dacewa bayan ruwan sama tunda ƙurar hunturu na rufe ƙasan sama. Fuskanci arewa ka nemi taurari bakwai masu siffar ludayi, daga Maris zuwa Yuni da farkon dare suna sama sosai. Biyun da ke bakin ludayin ka ja layi daga kansu kamar ninki biyar na tazararsu, za ka faɗa kan wani tauraro da ba shi da haske can, shi ne tauraron arewa, ba ya gusawa duk dare domin tsinken duniya shi yake nunawa. Tsayinsa daga ƙasa shi ne digirin garinku. Miƙa hannu ka dunƙule, faɗin dunƙulen wajen digiri 10 ne, a Kano za ka same shi sama da dunƙule ɗaya kaɗan wato digiri 12, a Damagaram kusan 14, a Agadas 17. Mutumin Tromso sai ya jera dunƙule bakwai, wanda ke tsaye a kan ƙuryar arewa kuma sai ya ɗaga kai sama tsaf, a tsakar kansa yake.